Tambayoyinku: Xeon Ko EPYC, Wanne Za A Sa A Saba?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato furosesan manyan injinan saba, kwamfutocin nan da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, da ake jerawa a data senta, shi ya sa na ce bari na haɗa su wuri ɗaya mu yi musu zama guda. Inda kuka ga na ce ƙwaya, abin da 'yan harka ke kira kor nake nufi, wato kowane ɗan ma'aikaci guda da ke cikin furosesa, shi kuwa furosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yin lissafi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ne ke kula da sabobin wurin aikinmu, guda takwas ne duk Xeon na Intel, sun kai shekara shida suna aiki, VM, wato kwamfutocin da ake ƙirƙira da manhaja a cikin saba, sun kai ɗari biyu a kansu. Oga ya amince a sauya su, to masu kawo mana kaya ɗaya ya ce EPYC na AMD mai ƙwaya 192 guda biyu kacal sun ishe mu, ɗayan kuma ya ce kar mu kuskura mu bar Intel. Gaskiya kaina ya ɗaure. Wanne ya fi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. To gaskiya duk su biyun kowa abin da ke hannunsa yake son ya sayar maka, kuma babu wanda ya tambaye ka abin da ya kamata a fara tambaya, wato me VM ɗin nan ɗari biyu suke yi ne? Amma bari mu fara da yadda filin yake yanzu.

Da can babu wata gardama, in an ce saba to Xeon ne kawai. A 2017 AMD ta dawo filin da EPYC na farko mai ƙwaya 32, mutane suka yi ta kallonsa daga nesa. A 2019 da ta fito da wanda ake kira Rome mai ƙwaya 64 lokacin Intel tana tsaye a 28 a yawancin sabobi, nan ne fa lissafi ya canja. Sai Milan a 2021, sai Genoa a ƙarshen 2022 mai ƙwaya 96 da memori nau'in DDR5, sai Turin a Oktoban 2024, wanda shi ne mai kayanka yake maka talla, EPYC 9965 mai ƙwaya 192. Ita ma Intel ba ta zauna ba, Sapphire Rapids ya fito a Janairun 2023 da ƙwaya har 60, Emerald Rapids ya biyo a Disambar shekarar da 64, sannan a 2024 ta raba Xeon 6 gida biyu, akwai masu ƙananan ƙwayoyi marasa cin wuta irin su 6780E mai 144, akwai kuma masu manyan ƙwayoyi irin su 6980P mai 128. Ka ga kenan tazarar da ke tsakaninsu a 2019 yanzu ta ragu sosai, duk wanda ya ce maka ɗaya ya binne ɗaya to labarin shekarun baya yake ba ka.

Yanzu maganar saba biyu. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ba don AMD ba ne, ko Xeon ne mai 128 haka zan ce. Ka zauna ka yi tunanin ranar da ɗaya daga cikin biyun zai mutu, ko ma ba mutuwa ba, ranar da za ka kashe shi don sabunta manhaja, to rabin ƙarfinku ya tafi kenan, kuma dole ɗayan ya ɗauki VM ɗari biyu shi kaɗai, wanda ke nufin kowane ɗaya a ranakun lafiya ba za ka cika shi ya wuce rabi ba, to ina ribar? Da saba huɗu kuwa in ɗaya ya faɗi kashi ɗaya cikin huɗu ka rasa, sauran ukun su raba kayan a tsakaninsu ba tare da kowa ya ji a jikinsa ba. Daga takwas zuwa huɗu ko biyar ya fi min kwanciyar hankali a kan daga takwas zuwa biyu.

Abu na biyu da masu talla ba sa son faɗa shi ne memori. A yawancin wuraren da ake tara VM, RAM ce take fara ƙarewa tun furosesa bai yi gumi ba. Ka buɗe manhajar da kake lura da sabobin, ka duba wata uku baya, ina kyautata zaton za ka ga furosesa yana hutawa yawancin lokaci RAM kuwa ta kusa cika. In haka ne to ƙara ƙwayoyi ba zai magance maka komai ba. Sannan ba yawan RAM kaɗai ba, akwai faɗin hanyar da take bi ta isa ga ƙwayoyin. Genoa yana da hanyoyin memori 12, kowace hanya a DDR5-4800 tana ɗaukar gigabait 38.4 a daƙiƙa, jimla wajen 460 kenan. Raba wa ƙwaya 96, kowace ta samu ƙasa da 5. Xeon na ƙarni na huɗu da na biyar, wato Sapphire Rapids da Emerald Rapids, hanyoyi 8 suke da su, shi kuwa Xeon 6 na jerin 6900P ya kai 12 shi ma, har yana karɓar wata sabuwar memori da ake ce wa MRDIMM mai gudun 8800. Abin kamar famfo ne da masu ɗiban ruwa, in ka ƙara mutane a layi ba ka ƙara famfo ba to jira kawai ka ƙara. Don haka duk wanda ka saya, ka tabbata an cika duk hanyoyin, in 12 ne a sa sanda 12, kar a zo a sa maka 8 manya a ce ai yawan gigabait ɗin ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne wallahi, na sha ganin an sayi furosesa mai tsada an shaƙe shi da wannan kuskuren.

Na uku, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye tunda Intel kake kai yanzu: ba za ka iya kwashe VM yana cikin aiki daga saba mai Intel zuwa mai AMD ba. Abin nan da VMware, mai manhajar gudanar da VM, ke kira vMotion tsakanin 'yan gida ɗaya yake aiki. Dole sai ka kashe kowane VM, ka matsar, ka sake kunnawa. Ba wani tashin hankali ba ne, sau ɗaya za a yi a gama, amma VM ɗari biyu aiki ne na darare da yawa kuma sai ka nemi izinin masu amfani da su, sannan ba za ka cakuɗa Intel da AMD a rukuni guda ba. Ka sa wannan a lissafi tun yanzu.

In ka matsa min sai na zaɓa, ga aikin tara VM na yau da kullum ni zan fara duba saba mai soket ɗaya, wato gurbin furosesa guda, da EPYC mai ƙwaya 48 ko 64, saboda soket guda ɗin nan yana ba ka layukan PCIe, waɗanda ake haɗa faifai da katin sadarwa ta kansu, har 128 da hanyoyin memori 12, abin da a da sai da soket biyu ake samu, ga sauƙin wuta ga sauƙin kuɗin allon da ake ɗora furosesan a kai. Amma ka nemi ta Xeon 6 ita ma a kawo maka takarda, ka ajiye su gefe da gefe, don sau da yawa ragin da kamfanin da ya haɗa sabar zai yi maka ya fi bambancin furosesan kansu tasiri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu SQL Server, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, muke amfani da shi, kuma yana mana nauyi. Na ce a sayo mai ƙwayoyi da yawa, sai mai kula da asusunmu ta ce lasisi zai cinye mu. Da gaske ne ko rowa ce kawai? Daga 'yar'uwarku.

AMSA: 'Yar'uwa ki je ki ba ta haƙuri, gaskiyarta ne. Wannan ita ce tambayar da na fi son a riƙa yi min, don a nan ne kamfanoni suke tafka asara mafi girma ba tare da sun sani ba.

SQL Server da ƙwaya ake biyan lasisinsa, bibbiyu ake sayarwa. Windows Server ma da ƙwaya ne, mafi ƙaranci 16 ga kowace saba. Oracle, ita ma mai manhajar rumbun bayanai, tana da nata lissafin, a furosesan Intel da AMD kowace ƙwaya rabin lasisi ce. VMware ma tun da Broadcom ta saye ta a ƙarshen 2023 ta koma biyan kuɗin shekara-shekara bisa yawan ƙwaya, mafi ƙaranci 16 ga kowane furosesa. To kin ga in kika ɗauko mai 96 kika ɗora masa babban bugun SQL Server, kuɗin lasisin zai ninka kuɗin injin gaba ɗaya ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma shi injin sau ɗaya ake saya, shi kuwa lasisi da kuɗin tallafinsa suna nan suna bin ki.

Abin da ake yi a irin wannan hali shi ne a juya tunanin, a nemi ƙwayoyi kaɗan amma kowace ta zama jaruma. Duka kamfanonin biyu suna yin furosesa musamman don haka. A AMD ki nemi masu harafin F a ƙarshen lambarsu, misali EPYC 9174F ƙwaya 16 ne kacal amma gudunsa ya haura gigahaz 4, kuma an bar masa kash mai megabait 256, wanda in kin raba kowace ƙwaya ta tashi da 16. Kash ɗin nan ita ce 'yar ma'ajiyar da ke jikin furosesa, in abin da ake nema yana cikinta ba sai an je RAM ba, kuma rumbun bayanai yana matuƙar son haka. A Intel ma akwai irinsu masu 8 ko 16 ko 32 masu saurin gudu a jerin Gold da kuma Xeon 6 masu harafin P. Waɗanda za ki guje wa su ne masu cunkoson ƙwayoyi, irin su Bergamo na AMD mai 128 ko Xeon 6 masu harafin E, ba wai ba su da kyau ba, don wani aikin daban aka yi su, kuma a nan za ki biya cikakken lasisi a kan ƙwayar da ba ta kai waccan ƙarfi ba.

Amma kafin ma a kai ga saye, kin tabbata furosesa ne matsalar? Sau da yawa in rumbun bayanai yana nauyi, ko dai RAM ce ta yi kaɗan yana ta komawa faifai, ko faifan ne tsofaffi ba masu saurin nan da ake kira NVMe ba, ko kuma wata tambaya ce guda ta neman bayani daga rumbun da aka rubuta ba daidai ba, babu indes, wato fihirisar da ke saurin kai ta ga abin da ake nema, take ta bin teburin bayanai layi-layi. SQL Server da kansa yana ajiye bayanin abin da yake jira a kai, ki sa wanda ya iya ya duba. In kika ga jiran duk na faifai ne to ko furosesan duniya kika kawo ba abin da zai canja.

TAMBAYA: Ina ta jin labarin ARM a data senta, shin ba na waya ba ne?

AMSA: ARM wani tsarin ƙera furosesa ne daban da na Intel da AMD, na waya ne kuma yanzu na saba ne. Amazon ta fara nata mai suna Graviton a 2018, wanda ake kira Graviton4 yana da ƙwaya 96. Microsoft tana da Cobalt, Google tana da Axion, Nvidia tana da Grace mai 72. Sai dai na Amazon da Microsoft da Google ba a sayar maka ka kai ɗakinka, haya kake yi a wajensu. Wanda za ka iya saya ka sa a rak ɗinka, wato kantar da ake jera sabobi, shi ne irin na Ampere, Altra mai 80 ko Altra Max mai 128. In aikinka Linux ne da kwantena, wato manhajojin da ake ƙunshewa da duk abin da suke buƙata, da shafukan intanet, manhajojinka kuma da Java ko Go ko Python aka rubuta su, to gwada shi, yawanci yana tafiya lafiya kuma da ƙarancin wuta. In kuwa Windows Server ne ko wata tsohuwar manhaja da aka saya wadda babu mai ainihin rubutun da aka gina ta da shi, ka bar shi kawai.

TAMBAYA: Malam muna son mu fara gudanar da ƙananan manhajojin AI a cikin gida saboda sirrin bayanan abokan hulɗarmu, amma ba mu da halin sayen GPU, katin nan da aka saba yin aikin AI da shi, yanzu. An ce mana Xeon yana da wani abu na musamman. Sannan batun wuta da zafi fa, ɗakin sabarmu ƙarami ne.

AMSA: Abin da aka gaya maka AMX ne, kuma gaskiya ne. Tun daga Sapphire Rapids Intel ta sa wani sashe a cikin kowace babbar ƙwaya wanda aikinsa kawai ninka jadawalin lambobi, irin lissafin da AI ke rayuwa a kai. AMD ba ta da makamancinsa, AVX-512, wani tsarin lissafa lambobi da yawa a lokaci guda, take da shi tun daga Genoa, yana taimakawa amma bai kai AMX ba a wannan aikin. Nan wuri ne da zan ce maka Xeon kai tsaye, da sharaɗi biyu. Na farko ka tabbata mai harafin P ne, don masu E ba su da AMX ba su da AVX-512. Na biyu ka tabbata manhajar da za ku yi amfani da ita ta san da zamansa, irin su PyTorch da OpenVINO sun sani, amma in taku ba ta kiransa to kun biya kuɗin abin da zai kwanta yana barci. Haka sauran 'yan injinan da Intel ke cusawa a ciki suke, kamar QAT mai matse bayanai da ɓoye su, suna da amfani sosai ga wanda manhajarsa ke amfani da su, ga wanda ba haka ba kuwa suna ne kawai a takarda.

Kuma kar ka sa rai da yawa, ƙananan samfuran AI da mutane kaɗan a lokaci guda zai ɗauka. Manyan samfuran harshe abin da ya fi ƙayyade saurin fitar da amsarsu shi ne faɗin hanyar memori, a nan GPU ta yi wa kowane furosesa nisa ba kaɗan ba. In kuna tunanin nan gaba za ku sayi GPU, to tun yanzu ku ɗauki akwatin saba da ke da gurbinta da isasshiyar wuta.

Batun zafi kuwa ka yi kyau da ka tambaya, mutane sai kaya sun iso suke tunawa. Manyan nan guda biyu, EPYC 9965 da Xeon 6980P, kowanne wat 500 ne. Ɗauki guda ɗaya yana aiki ba tsayawa: 500 sau awa 24 sau kwana 365, ya ba ka kilowat-awa 4,380 a shekara, furosesa ɗaya kenan ba a sa RAM da faifai da fankoki ba, kuma duk wat ɗin da ya shiga zafi yake zama, sai na'urar sanyaya ɗaki ta sake cin wata wutar ta fitar da shi. Saba mai irinsu biyu cikin sauƙi za ta haura kilowat ɗaya da rabi. Ka je ka duba rak ɗinka nawa aka tsara ya ɗauka, ka duba UPS, wato batirin da ke riƙe injinan in an ɗauke wuta, ka duba na'urar sanyin, don in ɗakin ya gaza furosesan da kansa zai rage gudu don kare kansa, sai ka ga ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. Ga ƙaramin ɗaki masu wat 200 zuwa 300 sun fi dacewa, kuma AMD tana da jerin 8004 da ake kira Siena wanda don irin waɗannan matsattsun wuraren aka yi shi, sai dai hanyoyin memorinsa 6 ne, don haka ba na aikin AI ɗin naku ba ne.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ɗalibi ne, ina son na haɗa saba ta koyo da furosesa na hannu, na ga tsofaffin Xeon da EPYC ana sayarwa a intanet da araha. Akwai matsala?

AMSA: Ƙanena wannan shawara ce mai kyau, da haka da yawa suka koyi aikin. Xeon E5 v4 na 2016 har yanzu yana koyar da mutum duk abin da ya shafi VM, DDR4 yake ci kuma ana samunta. In za ka iya kaiwa EPYC Rome ya fi, don za ka samu PCIe 4.0 da ƙwayoyi masu yawa. Amma ka kula da abu biyu. Wasu kamfanonin saba, ciki har da Dell da Lenovo, suna amfani da wani tsarin tsaro na AMD mai suna PSB wanda ke ɗaure furosesan da allonsu, da zarar an kunna shi a injinsu to ba zai ƙara tashi a allon wani kamfani ba har abada, kuma da ido ba za ka gane ba. Don haka ka tambayi mai sayarwa a rubuce ko a ɗaure yake, daga wane inji aka ciro shi, kuma in bai tashi ba zai karɓi abinsa? Na biyu, in ka ga an rubuta ES a jikin tallan, samfurin gwaji ne da ba a yi don sayarwa ba, wani yana aiki wani allon ma ba zai gane shi ba, ka bar shi.

TAMBAYA: Alƙaluman gwajin sauri da kamfanonin ke nunawa, a yarda da su?

AMSA: Ba ƙarya suke yi ba, amma kowa gwajin da ya ci yake nunawa. Akwai SPEC CPU 2017 da kowa ke iya duba sakamakonsa a fili, yana da kyau don ka rage jerin daga goma zuwa biyu ko uku, sai dai ka lura da bambancin sakamakon da ke auna duka ƙwayoyi tare da wanda ke auna saurin aiki guda, don mai 192 zai yi fice a na farko ya zo ya sha kashi a hannun mai 16 a na biyu. Bayan nan sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka roƙi mai kawo kayan ya ba ka aron inji na sati biyu, in ya ƙi to ka yi hayar irin furosesan a Amazon ko Microsoft ko Google na 'yan kwanaki, duk suna da Intel da AMD, ka ɗora kwafin ainihin aikinku a kai da yawan mutanen da kuke samu a ranar da ta fi cunkoso. Ka auna tsawon lokacin da amsa ke ɗauka ba kawai kashi nawa furosesa ya cika ba, in injin aro ne ka auna wutar da yake ja daga bango. Kuma kafin ka fara ka shiga BIOS, wato wurin saitin injin na asali, ka duba saitin wuta da na NUMA, wato yadda ake raba ƙwayoyi da memori rukuni-rukuni, wanda AMD ke kira NPS, Intel kuma SNC, ka sa duka injinan biyu a saiti mai kama da juna, in ba haka ba sakamakon da za ka kai wa oga na saiti ne ba na furosesa ba.